Yaro Ɗan Makaranta a Ingila: A Hannun Wa Yake?

Cikin watan Satumba na shekara ta 1855 wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu ya sauka birnin London. Mutumin ƙasar Damagaram ne, shekarunsa kuwa ba su wuce goma sha shida ba. An kama shi bawa tun yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi har ya kai Kukawa ta Barno, inda wani matafiyi Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu cikin 1852 sai yaron ya koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da suna Abdulkarim. Ya bi shi har Tambutu, sa'an nan suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, daga can sai Turai. Tare da su akwai wani yaro ɗan ƙabilar Margi, ana ce da shi Abbega.

Ba a daɗe ba sai gardama ta tashi a kan yaran nan biyu. Barth ya yi niyyar a mai da su gida. Wani limamin mishan kuwa, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana nazarin harshen Hausa, ya so su zauna wurinsa a lardin Kent, kuma nasa ra'ayin ne ya rinjaya. Abbega ya koma gida cikin 1857, amma Dorugu ya zauna har 1864. Ya koyi karatu da rubutun boko, kuma daga bakinsa aka ɗauki da yawa daga cikin labaran da suka fito a littafin Magana Hausa cikin 1885. Ya rasu a Kano cikin 1912, yana taimakawa da koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa. Dorugu ya yi sa'a, gama ya faɗa hannun mutanen da suka ci da shi, suka tufasar da shi. Amma sa'a ce kurum. A zamanin nan babu wata hukumar da aka ɗora wa alhakin ta leƙa inda yaro baƙo yake kwana, ko ta ji ta bakinsa.

Yau, bayan shekara 170, yaran da ke karatu a Birtaniya nesa da iyayensu sun yi yawa ƙwarai. Ƙungiyar makarantu masu zaman kansu ta ƙasar takan yi ƙidaya kowace shekara, kuma cikin 'yan shekarun nan takan sami wajen yara 25,000 'yan ƙasashen waje waɗanda iyayensu ke zaune a ƙetare. Kaso mafi girma daga Sin da Hong Kong suke fitowa, a Afirka kuwa Nijeriya ce kan gaba. Sha'ani ne na masu hali, don kuɗin makarantar kwana da yawa ya zarce fam 40,000 a shekara, balle tun watan Janairu na 2025 da gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin makarantun kuɗi. Amma ba masu hali kaɗai abin ya shafa ba. Akwai ɗan sakandare da ya gama yana da shekara goma sha shida, aka haɗa masa kuɗi cikin dangi don ya tafi share fagen shiga jami'a. Akwai kuma yarinyar da aka ba wata 'yar'uwa mai zama a Turai, bisa alkawarin za ta sa ta makaranta. Dukansu tambaya ɗaya ce ke bisa kansu, ita ce wadda aka yi gardama a kanta zamanin Dorugu: in wani abu ya taso da tsakar dare, wa za a tasa?

Tura yaro neman ilmi nesa da gida ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kaka da kakanni uba yakan ɗauki ɗansa ya kai shi wurin malami, ko a Gabas ne, ya danƙa shi hannu da hannu, ya ce ga amana. Ko mene ne aibin da wannan al'ada ta faɗa ciki daga baya, tushenta a fili yake: an san mutumin da yaro yake hannunsa, an san sunansa, an san garinsu. Abin da dokar Ingila ta daɗe tana ƙoƙarin yi, da takardu da sa hannu, bai wuce wannan ba, watau a sami mutum ɗaya takamaimai wanda za a riƙe in yaro ya shiga wani hali.

Sai dai a fara sanin wanda ake kira yaro. A gida ana duban alamun balaga, ko a dubi yadda mutum yake ɗaukar nauyin kansa. Saurayi ɗan shekara goma sha bakwai da ke da rumfa a kasuwar Kumasi ko Ndurman ba wanda zai ce masa yaro. A Ingila kuwa ranar haihuwa ake bi. Wata doka ta 1969 ta rage shekarun zama baligi daga 21 zuwa 18, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 1970. Duk wanda bai cika 18 ba yaro ne a gaban shari'a, ko da gemu gare shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan haƙƙin yara ma a nan ta tsai da iyakar.

Tun watan Oktoba na 2020 akwai takardar biza ta musamman domin yaro ɗalibi mai shekara 4 zuwa 17. Ba a ba da ita sai don shiga makarantar kuɗi mai lasisin karɓar baƙi. Makarantun gwamnati na kyauta ba sa ciki. Ba a ba da ita kuma sai iyaye sun rubuta yardarsu a kan tafiyar, da wanda zai tarbi yaron, da inda zai zauna. Hanyoyin zaman an ƙayyade su. In yaro bai kai shekara 12 ba, ɗaya daga cikin iyayensa na iya samun izinin zuwa ya zauna da shi. In ba haka ba, ko dai ya kwana a makaranta, ko ya zauna da ɗan'uwa na jini ko mariƙi. Wanda ya kai 16 ko 17 ne kaɗai aka yarje wa ya kama ɗaki ya zauna shi kaɗai.

Iyaye da yawa sukan ɗauka da zarar sun biya kuɗin makarantar kwana, shi ke nan, hankali ya kwanta. Abin da ba su cika lissafawa ba shi ne hutu. Shekarar karatu a Ingila zango uku ce, kuma ban da dogon hutun bazara da na Kirsimeti da na Ista, akwai hutun mako guda ko biyu a tsakiyar kowane zango, a wasu makarantun har da wasu ranakun Asabar da Lahadi da ake rufe ɗakunan kwana. Ɗan ƙasa sai ya hau jirgin ƙasa ya tafi gida. Wanda gidansu ke Kano ko Yamai ko Jidda fa? Ba kowane uba zai iya sayen tikitin jirgin sama sau shida a shekara ba. Haka nan in yaro ya kamu da cuta mai yaɗuwa, ko aka dakatar da shi saboda laifi, makaranta takan ce a zo a ɗauke shi nan da nan. Saboda haka kusan kowace makaranta ke tilasta wa iyaye su naɗa wakili mazaunin ƙasar.

Daga nan wata sana'a ta tsiro, ta kamfanonin riƙon ɗalibai. Ana biyansu, su kuma su nemo iyalin da yaro zai sauka wurinsu lokacin hutu, su shirya motar da za ta ɗauko shi daga filin jirgi, su halarci taron iyaye da malamai. Wasunsu suna aikin da gaskiya. Akwai wata ƙungiya mai suna AEGIS, wadda aka kafa cikin 1994, da ke binciken irin waɗannan kamfanoni tana ba su shaida, amma shiga cikinta ganin dama ne. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantun Ingila cikin watan Maris na 2020, jiragen sama kuma suka tsaya, a nan aka ga bambanci tsakanin mariƙi na ainihi da wanda sunansa kurum aka rubuta a takarda don a cika sharaɗi. Kafin wannan ma, cikin 2019, jaridar The Times ta ba da labarin wasu yara 'yan Vietnam da aka shigo da su da bizar ɗalibai zuwa makarantun kuɗi, sa'an nan suka ɓace, ana tsoron masu fataucin mutane ne suka shirya tafiyar tun farko. Cikin 2025 aka ƙara tsananta sharuɗɗan bizar, aka bukaci a bayyana mariƙin da sunansa, ya rubuta takardar ɗaukar alkawari, a kuma duba ko an taɓa kama shi da babban laifi.

To, mai karatu na iya cewa duk wannan wahala ta marasa dangi ce. Wanda yake da ɗan'uwa a Manchester ko Peckham ai sai ya aika masa da yaro. A nan ne fahimtar Bahaushe da ta dokar Ingila suka fi rabuwa. A Hausa kalmar ɗan'uwa faɗi gare ta: ta haɗa da ɗan baffa, da taubashi, da jikan ƙanen kaka, har da wanda aka tashi unguwa ɗaya da shi. Dokar Yara ta 1989 kuwa ta ƙidaya dangin kusa a yatsu: kaka, da wa ko ya ko ƙane, da baffa da kawu da gwaggo da inna, da mijin uwa ko matar uba. Ɗan baffa ba ya ciki. Ƙanwar kaka ba ta ciki. Aminin uba kuwa, ko da tare aka yi musu kaciya, bare ne a idon doka. In yaron da bai kai shekara 16 ba zai zauna wurin irin wannan mutum har kwana 28 ko fiye, doka ta kira abin riƙo, kuma wajibi ne iyaye da mariƙin su sanar da ƙaramar hukumar wurin, tun da sauran mako shida in da hali. Ma'aikacin jin daɗin jama'a zai zo ya duba gidan, ya gana da yaron su biyu kaɗai, ya riƙa dawowa kowane mako shida cikin shekarar farko, daga baya kowane mako goma sha biyu. Rashin sanarwa laifi ne.

Mutane da dama sukan ga wannan a matsayin shisshigi cikin sha'anin zumunci, har su ce ina ruwan hukuma da ɗan da aka ba ni. Amma dokar tana da tarihi, kuma rabin tarihin na mutanen Afirka ta Yamma ne. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 ɗalibai 'yan Nijeriya da Gana masu yawa, waɗanda suka zo Ingila da matansu, sun riƙa ba Turawa talakawa na ƙauyuka da ƙananan garuruwa riƙon 'ya'yansu, suna biyansu mako-mako, don su sami sukunin karatu da aiki. Har talla ake sawa a mujalla ana neman mai riƙo. Wasu yaran sun faɗa hannu nagari. Wasu sun tashi ba su san harshen iyayensu ba, suna jin kunyar launin fatarsu. Ɗan wasan kwaikwayon nan Adewale Akinnuoye-Agbaje, wanda aka riƙe a garin Tilbury, ya mai da labarin ƙuruciyarsa fim cikin 2018. Su kansu Turawan mulkin mallaka haka suka yi da nasu 'ya'yan: marubuci Rudyard Kipling yana ɗan shekara biyar aka kawo shi daga Bombay cikin 1871, aka bar shi wajen shekara shida a wani gida a Southsea inda ya sha wuya ƙwarai.

Abin da ya girgiza ƙasar baki ɗaya shi ne labarin Victoria Climbié. An haife ta cikin 1991 a Abobo, kusa da Abijan. Cikin 1998 wata 'yar'uwar mahaifinta, wadda take matsayin kaka gare ta, ta zo daga Faransa ta ce a ba ta yarinyar ta kai ta Turai ta yi karatu. Iyayen suka yarda, kamar yadda dubban iyaye za su yarda, suna ganin alheri ne ya zo har gida. Matar ta shigo da ita London cikin watan Afrilu na 1999 da sunan 'yarta ce, saboda haka ba wanda ya rubuta ta a matsayin 'yar riƙo. Ran 25 ga Fabrairu 2000 Victoria ta rasu tana da shekara takwas, likita ya ƙidaya raunuka 128 a jikinta. An yanke wa matar da saurayinta hukuncin ɗaurin rai da rai cikin 2001. Kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Laming, wanda ya ba da rahotonsa cikin 2003, ya gano ma'aikatan ƙananan hukumomi huɗu da asibitoci biyu da 'yan sanda duk sun san da yarinyar, amma kowa ya ɗauka wani ne ke lura da ita. Karatun da aka rabo ta da uwarta dominsa kuwa, ko yini ɗaya ba ta yi a aji ba a Ingila. Daga wannan rahoto aka yi Dokar Yara ta 2004, aka kuma sabunta ƙa'idodin riƙo cikin 2005. Uban da ya san wannan tarihi zai gane ziyarar ma'aikacin hukuma ba cin fuska ba ce ga ɗan'uwansa. Ido ne da shi uban ba shi da halin sawa daga nesa.

Saura ɗan shekara 16 ko 17 da aka ce yana iya zaman kansa. A takarda abin kamar 'yanci ne, kuma shi yaron haka yake ganinsa. Amma da ya fara neman ɗaki zai tarar wata doka ta 1925 ta hana wanda bai cika 18 ba riƙe haƙƙin gida da sunansa a shari'a, don haka yawancin masu gidajen haya ba za su ba shi mabuɗi ba sai wani babba ya tsaya masa, galibi kuma mazaunin ƙasar suke so. Kafin a ba shi biza sai an nuna, ban da kuɗin makaranta, akwai fiye da fam 1,000 na kowane wata har wata tara, kuma kuɗin ya kwana 28 a banki. Akwai kuɗin asibiti, fam 776 a shekara tun 2024. Banki ba zai ba shi rance ba. Ba shi da rabo cikin taimakon da gwamnati ke ba marasa ƙarfi. Aiki kuwa, sa'a goma kaɗai aka yarje masa a mako lokacin karatu, abin da ba zai biya hayar ɗaki ba ko kusa. Watau rayuwarsa duka a rataye take da kuɗin da za a aiko daga gida. Da darajar naira ta faɗi bayan watan Yuni na 2023, har dala ɗaya ta tashi daga wajen naira 460 zuwa fiye da 1,400 cikin 'yan watanni, manyan ɗalibai ma sun ji jiki, balle yaron da bai taɓa cefane da kansa ba. In kuma ya daina zuwa aji, tilas makaranta ta sanar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, bizarsa ta shiga haɗari.

A wani gefen kuma doka ta ba shi iko fiye da yadda iyayensa suke zato. Daga shekara 16 yana iya yarda a yi masa magani ba tare da izininsu ba, likita kuma zai riƙe sirrinsa. Jami'o'in da ke karɓar ɗan shekara 17 sukan rubuta wa iyaye ƙarara cewa su ba za su tsaya matsayin uwa da uba ba, kuma galibi ba za su faɗa wa uba sakamakon jarrabawar ɗansa ba sai da yardar ɗan. A Scotland ma, bisa wata doka ta 1991, ɗan shekara 16 yana iya ƙulla yarjejeniya da kansa. Uba yana biya, amma abin da zai sani game da ɗansa shi ne abin da ɗan ya ga damar faɗa masa a waya.

Wayar kuwa tana ruɗi. Da can wasiƙa takan yi mako biyu a hanya, iyaye sun san ɗansu ya yi nisa. Yanzu uwa tana ganin fuskar ɗanta kowane dare, sai ta ɗauka ta san halin da yake ciki, alhali yaron da aka sayar da fili don karatunsa ba zai buɗe baki ya ce ya kasa ba. Cikin watan Disamba rana takan faɗi a London kafin ƙarfe huɗu na yamma, Azahar da La'asar da Magariba duk su faɗo cikin lokacin makaranta. Shekarun da azumi ya zo cikin watan Yuni, kamar 2016, sai da aka kai sa'a goma sha takwas ana riƙe da baki. Babba yakan san yadda zai tsara kansa cikin irin wannan. Yaron da ya tashi gidan mutum ashirin, inda ba a taɓa barinsa ya ci tuwo shi kaɗai ba, zai iya yin kwana uku a ɗaki ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Wannan ba ya nufin tafiyar ba ta da amfani. Wanda ya je da ƙuruciya yakan kama harshe da tsarin jarrabawar ƙasar fiye da wanda ya je da girma, kuma da yawa sun dawo da ilmi da natsuwar da ta wuce shekarunsu. Amma in aka lura, irin waɗannan kusan kullum akwai wani babba a kusa da su, wanda ya san ɗakinsu, yake kiransu cin abinci ran Lahadi, kuma suna jin nauyinsa. Wasu ƙasashen sun mai da wannan sharaɗi. Kanada takan nemi takardar riƙo da aka sa wa hannu gaban lauya ga yaron da bai kai 17 ba. Ostareliya ba ta ba wanda bai cika 18 ba biza sai da uwa ko uba ko ɗan'uwa amintacce, ko kuma makaranta ta rubuta cewa ta ɗauki nauyin masaukinsa da lafiyarsa. Amurka kuwa, tun 1996, ba ta barin ɗalibi baƙo ya wuce wata goma sha biyu a sakandaren gwamnati, shi ma sai ya biya cikakken kuɗi.

A Ingila kariyar ba a rana ɗaya take ƙarewa ba. Ziyarar ma'aikacin hukuma ga ɗan riƙo takan tsaya ranar da ya cika 16, sai fa in naƙasasshe ne, wanda ake ci gaba da dubawa har 18. Shekara biyun da ke tsakani su ne mafi ƙarancin tsaro, kuma su ne daidai shekarun da yawancin iyaye daga Nijeriya da Gana suke turo 'ya'yansu, da zarar sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito.